Ruwan da Issufu Bai Sha Ba

Issufu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara nake da izinin zaginsa, kuma ban taɓa yin sakaci da wannan izini ba. Bawana nake ce masa, shi kuma in ya gaji ya ce mini mai bakin reza. Ni Zalika, shinkafa da miya nake sayarwa a bakin tashar albasa ta kasuwar Malanville, inda ake loda buhuna a manyan motoci zuwa kudu. Shi kuwa malamin gona ne, irin waɗanda ofishin noma ke turawa ƙauyuka su duba shuka su ba manoma shawara. Yankinsa Garou ne da gonakin bakin gulbi, har zuwa wajajen Madécali.

Dogo ne siriri, mai dogon wuya, yana da wani tsohon babur da ake jin tarinsa kafin a hango shi. Ubansa daga Arewa ya tsallako gulbi yana saurayi, ya yi dakon albasa har bayansa ya lanƙwashe, ya rantse ɗansa ba zai ɗauki buhu ba, ya kai shi lakkol, makarantar boko. Issufu bai ɗauki buhu ba kam, amma bai kuma tara wani abin a zo a gani ba. Shekara ashirin da wani abu yana aiki, ɗaki biyu gare shi da wannan babur.

Ba shi da magana. Matarsa Habsatu ce bakin gidan, ita ke gaisawa da maƙwabta, ita ke sanin wa ya haihu wa ya rasu, ta tura shi barka ko gaisuwa. Da Allah ya yi mata rasuwa, 'yarsu ɗaya kuma tana aure a Kandi, sai gidan ya yi shiru irin wanda ko kaza ba ta son shiga. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne Manzo.

Manzo manomin albasa ne a Garou, gajere mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Tare suka koyi iyo a gulbi, tare aka yi musu kaciya. Duk inda Issufu ya zaga da rana, ƙarshen zagayen gonar Manzo ce, gindin wata tsamiya, inda Karimatu matar Manzo ke aiko da abinci su ci su yi la'asar. A nan kaɗai ake jin Issufu yana dariya har da buga cinya. Ni da nake taubashiyarsa murmushi kawai nake samu bayan na gama wahalar tsokana, kuma ina jin haushin hakan har yau.

A wancan lokacin mutanen ƙauye suna son sa, don ba ya ba su wahala. Manomi ya ga ganye ya fara fari-fari sai ya ce, Malam, wane magani za a sa? Issufu ya faɗa masa, ya auna da murfin kwalba, ya dama da hannu, wani lokaci ma ya goya famfon feshi a baya ya shiga gonar ba takalmi don ya nuna yadda ake yi. Haka ya tarar ana yi, haka ya ci gaba.

Sai wata shekara, bayan damina ta ɗauke, magana ta zo daga sama cewa duk malamin gonan da zai buɗe baki a kan maganin ƙwari sai ya yi horo ya sami takardar shaida. Wanda ba shi da ita za a janye shi daga ƙauyuka, ya zauna a ofis yana jera kujeru. Issufu bai damu da girman takarda ba. Abin da ya tsorata shi a hana shi hanyar Garou. Ya ɗaura 'yar jakarsa ya shiga mota zuwa wata cibiyar horo a wajen Parakou, ya yi makonni a can.

Shi ne mafi tsufa a ajin. Samarin da suka fito makaranta jiya-jiya suna ce masa Papa, su ba shi kujerar gaba, in an tashi kuma su tafi yawonsu su bar shi. Ya ce mini bai taɓa sanin yamma tana da tsawo haka ba. Amma karatun ya shige shi. An koya musu a duba kafin a fesa, a buɗe wuyan albasa a ga ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a ciki, a ga ko sun kai yawan da za a damu. An nuna musu ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba, gizo-gizo ma ɗan aikin gona ne da ba ya neman lada. An koya musu jiƙa 'ya'yan bedi, wato dogon yaro, a fesa ruwan, da karanta launin da ke gindin kwalba, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a cire amfani. Aka ce jarkar da abin ya ƙare a cikinta a ɗauraye ta a huda ta, domin roba tana shan abin, sabulu da toka ba sa fitar da shi.

Ranar da ya dawo ya zo rumfata, ya zauna a kan benci, na zuba masa shinkafa bai taɓa ba.

Na ce, “Bawana, ko Parakou sun koya maka cin abinci da cokali mai yatsu na, kana jiran a kawo?”

Bai yi murmushin ba. Ya ce, “Zali, abin ga da muka hesawa, mi muka ce mishi?”

“Magani mana.”

“Wanda aka ba maras lahiya hwa?”

“Shi ma magani. Yau kuma hauka ta?”

Sai ya ba ni labari. Malaminsu ya ce kowa ya faɗi sunan abin da yarensu. Da aka zo kansa ya ce magani, da Dendanci kuma safari, kuma duka biyun su ne sunan abin da likita ke bayarwa. Malamin ya rubuta kalmar a allo, ya ɗauko kwalba ya ajiye kusa da ita, ya juya hoton ƙoƙon kan mutum da ke jikinta ya fuskanci aji. Issufu ya ce a nan take ya tuna Habsatu a durƙushe tana wanke masa kayan feshi da hannu, shekara da shekaru, tana cewa kanta na sarawa, shi kuma yana cewa rana ce. Ba wanda ya ce wannan ne ajalinta, shi ma bai ce ba. Amma ya dube ni ya ce, “Ni dai bakina ya bar ce ma abin ga magani. Guba ta, guba za ni ce.”

Na ga idonsa, na san ba wasa a ciki. Na tausaya masa ƙwarai, amma kuma gabana ya faɗi, don na san garinmu kuma na san nauyin kalmar nan.

A wurinmu ba a cewa mutum ya sa guba sai in ana nufin ya yi niyyar kashe wani. Magana ce ta gidan da aka yi rigimar gado, ta mutumin da ake gudun cin abincinsa. Issufu ya tashi a cikinmu, ya san haka sarai, amma karatun ya rufe masa wannan kunnen.

Ya fara da Na-Allah, wani ɗan kasuwa mutumin Kamba da ke da rumfar kwalabe a layin 'yan iri. Ya tsaya ranar kasuwa, mutane cike, ya ɗaga wata kwalba da ba ta da ko rubutu, ya ce wannan gubar ba a san abin da ke cikinta ba, bai kamata a sayar ba. Na-Allah ya miƙe tsaye a hankali.

“Malam, ni kac ce ma mai saida guba? Gaban jama'a?”

Issufu ya yi ta bayani, amma bayani bai kai inda kalmar ta riga ta kai ba. Kafin azahar duk layin ya ji, kafin mako ya zagayo sunansa ya koma Malam Guba. Masu kabu-kabu in ya wuce sai su toshe hanci.

Takardar kuwa ba a ba shi ita nan take ba. Sharaɗin shi ne ya koma yankinsa ya tara manoma a gona ɗaya duk mako har albasa ta nuna, suna dubawa tare suna koyo, daga ƙarshe a aiko mai jarrabawa ta zo ta ga yadda yake koyarwa. Manzo ne ya ba shi wani yanki na gonarsa, shi ne kuma ya bi gida-gida ya tara masa mutane. Da farko suna zuwa. Suna dariyar yadda yake durƙusawa yana leƙa wuyan albasa da gilashi, suna ce masa ya gaida musu gizo-gizo, amma suna zuwa, saboda Manzo.

Abin ya lalace ne lokacin cirar albasar fari. Manzo ya ga tsutsa a babban yankinsa, ya tsorata, ya yi feshi ba tare da ya gaya wa kowa ba. Kwana biyu da feshin sai ga masu saye daga kudu da dillalinsu, suna son a cire a loda. Ana cikin ciniki Issufu ya iso, ya shaƙi warin, ya murza ganye a yatsa. Da a ce ya ja Manzo gefe ne, da yanzu wani labarin nake bayarwa. Sai ya tsaya a gaban baƙi ya ce, “Manzo, ka sa ma albasagga guba. Ba ta ciruwa yanzu, mutane za su ci.”

Dillalin ya fassara, kuma ya fassara yadda kunnensa ya ji. Baƙin suka dubi juna, suka koma motarsu. Kafin yamma ana faɗa a Garou cewa aminin Manzo da bakinsa ya ce Manzo yana sa wa mutane guba a abinci.

Manzo bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi muni, don shi mutum ne mai faɗa ya huce. Washegari Issufu ya je gindin tsamiya ya tarar ba tabarma. Ya jira har la'asar ta wuce, ya yi sallarsa shi kaɗai ya hau babur. Mako na gaba mutum kaɗan suka zo karatu, na bayansa ba kowa.

Ya ci gaba da zuwa. Wani mai jaki ya gaya mini yana ganinsa a yankin nan shi kaɗai, a durƙushe, yana buɗe wuyan albasa yana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai masu saurare. Ya jiƙa bedinsa, ya tace, ya sa safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci a cikin zafin nan, ya fesa, ya wanke kayansa da kansa a nesa da rijiya. Albasarsa ta yi kyau, ba wanda ya zo ya gani. Da azahar sai ya dawo gari ya zauna a ƙarshen bencina, ya ci abinci fuskarsa na kallon bango. 'Yan dako da ke cika wurin da surutu sukan matsa su bar masa fili.

Na zage shi son raina. Na ce masa jaki ma ya san inda ake tsayawa, na ce karatun da zai sa mutum ya tozarta amininsa gaban baƙi gara jahilci. Ya ce ya sani, ya je har ƙofar gidan Manzo ya yi sallama an ce ba ya nan, alhali ga takalmansa. Na ce to ka ce magani mana, bakinka zai tsage ne? Ya ce, “In nac ce magani, gobe Karimatu ta wanke kayan heshi da hannu.” Sai na ƙara masa miya.

Da aka sa ranar zuwan mai jarrabawa, na rufe rumfa da wuri na hau kabu-kabu zuwa Garou. Na tarar da Manzo yana gyaran injin ban ruwa. Muka gaisa, na ce, “Baban A'i, ba roƙo niz zo yi ba, hwaɗa maka za ni yi. In ba kowa gona ran nan, sun janye shi, ba ka ƙara ganinai bisa hanyagga. In abin da kaka so ke nan, to.”

Ya daɗe yana juya sukurudireba. Ya ce, “Zalika, kin san abin da anka ce min cikin masallaci? Kin san ɗiyana an hana su ɗiban ruwa gidan maƙwabta?”

“Na sani. Wawa na, amma wawanka na.”

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ce, “Ki ce mishi muna zuwa.”

Suka zo kuwa. Ni ma na je, don ni aka ba aikin abincin baƙi. Hantsi ne mai zafi, gulbi ya ja baya, ba iska ko kaɗan. Mai jarrabawar wata mata ce daga kudu, Madam ake ce mata, mai tabarau da hular rana, ba ta jin Hausa ko Dendanci, direban ofis ke fassara mata. Manzo ya iso da mutum sun kai ashirin a bayansa, har da waɗanda suka fi kowa zagin Issufu. Da Issufu ya hango su sai ya juya baya ya yi kamar yana gyara igiyar takalmi, takalmin roba kuwa ba shi da igiya.

Ban taɓa ganin bawana ya yi magana kamar ranar ba. Ya raba su ƙungiya-ƙungiya suka shiga kunya-kunya suna dubawa, kowa ya kawo abin da ya kama a tafin hannu. Ya tambaye su wanne ke cin ganye, wanne ke cin mai cin ganye. Wani tsoho ya ce shi tun yana yaro ya san wannan jan ƙwaron mai ɗigo-ɗigo ba ya ɓarna, Issufu ya ce to Baba kai za ka koya mana, tsohon ya gyara tsayuwa ya yi ta bayani. Aka yanke shawara tare cewa yankin bai kai a fesa ba. Har Manzo ya ɗaga gizo-gizo a kan ganye ya ce a rubuta sunan wannan cikin ma'aikatan ofis, ya fi wasunsu zuwa aiki. Aka yi dariya, Issufu ya yi tasa har da buga cinya. Madam ta gyaɗa kai tana rubutu.

Aka koma gindin tsamiya, kowa ya jiƙe da gumi. Gonar ta Manzo ce, shi ne mai masauki, ruwan baƙi a kansa yake. Ya tafi bukkarsa ya dawo da jarka a kafaɗa, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu don sanyi, da kofin silba a hannu. Ya sauke, ya tsiyaya. Bisa al'ada baƙuwar nesa za a fara ba, ko tsohon da ya fi kowa shekaru. Manzo ya wuce Madam, ya wuce tsohon, ya zo gaban Issufu ya miƙa masa da hannu biyu.

Duk wanda ke wurin ya gane. Mazanmu ba sa cewa na yafe, ba sa cewa ka yi haƙuri. Wannan kofin shi ne maganar gaba ɗaya. Ni kuma na ji ƙwalla na taruwa mini don murna.

Issufu ya miƙa hannu. Sai buhun ya zame daga gefen jarkar. Rawaya ce, an kankare takardar jikinta, amma jan layin gindinta yana nan, da rabin hoton nan na ƙoƙon kai. Tsohuwar jarkar feshi ce. Ta yi shekaru a gidan, Karimatu ta wanke ta da toka da omo ba adadi, kuma rabin gidajen Garou da irinta suke ɗiban ruwa, don ta fi kowace jarka ƙwari.

Na dubi Madam. Kanta na sunkuye a kan takardunta, direban yana amsa waya. Ba ta ga komai ba, kuma ba za ta gani ba. Kurɓa ɗaya ce, ba za ta kashe shi ba, shi ma ya sani. A raina ina cewa sha, don Allah sha, gobe ka yi masa wa'azin jarka.

Amma Issufu ba Madam yake kallo ba. Mutanen da ke zaune yake kallo, waɗanda ya yi wata da watanni yana gaya musu roba tana shan abin, suna jiran kofin ya zagayo kansu. Hannunsa ya tsaya a iska, ya dawo da shi kan gwiwa.

Ya ce a hankali, “Manzo, ba ni sha. Bidon ga na guba na.”

Bidon shi ne jarka a bakinmu, kuma jarkar yake nufi, kowa ya san jarkar yake nufi. Amma abin da ido ya gani shi ne mutum ya miƙa wa amininsa ruwa da hannu biyu, aminin ya ƙi karɓa ya ambaci guba, a karo na biyu, a gaban garin.

Fuskar Manzo ba ta canza ba. Ya ɗaga kofin ya shanye tas yana kallon Issufu, ya kife shi a kan jarkar. Ya ce wa tsohon, “Baba, ku gahwarce ni.” Ya saɓa jarkarsa ya tafi. Ba wanda ya ƙara shan ruwa a wurin. Madam ta ɗago ta tambayi ko an gama, aka ce an gama, ta yaba wa Issufu da Faransanci, ta ce a ci abinci. Shinkafata ta dawo gida kusan yadda na kai ta.

Takardar ta zo bayan wasu watanni, da hatimi da hotonsa ya yi zuru-zuru. Aka bar masa yankinsa. Har yanzu yana bin hanyar Garou, wasu manoman ma sun fara kiransa su ce ya zo ya duba kafin su fesa, don albasar yankin nan da aka bari ba feshin kwalba ta cika buhu kamar ta kowa. Na-Allah ya daina ajiye kwalabe marasa rubutu a gaban rumfa, ko da yake ban rantse a kan abin da ke ƙarƙashin tebur ba. Sunan Malam Guba ya zauna, amma zafinsa ya ragu.

Manzo kuwa, in sun haɗu a hanya, sallama ce da amsawa, da ina gajiya, da ina gida. Gaisuwa cikakkiya, ba abin da za ka kama, irin wadda ake yi wa baƙo. Issufu yakan rage gudu in ya zo daidai tsamiyar, sannan ya wuce. Na yi magana da Manzo, na yi da Karimatu, na aika limamin unguwarsu. Manzo ya ce shi ba ya riƙe da kowa. Ni dai haushin su biyun nake ji, ɗaya ya kasa tanƙwara harshensa, ɗaya ya kasa tanƙwara wuyansa, kuma dukansu furfura ta fito musu.

Bayan shekara aka sa bikin A'i, 'yar Manzo ta fari. Aka raba goron gayyata a Garou da Malanville har Gaya ta tsallaken gulbi. Nawa ya iso rumfa a ƙunshe. Na tambayi Issufu ko nasa ya zo, ya ce wataƙila an kai ofis. Washegari ya ce wataƙila an ba wani ya manta. Daga nan ban ƙara tambaya ba.

Ranar ɗaurin aure na shiga cikin gida wajen mata ina taya aiki. Na nemi ruwan wanke shinkafa, sai na lura duk gidan randuna ne na ƙasa da sababbin bokitai. Na ce wa Karimatu ina jarkokinku masu ƙwarin nan? Ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini. Suna nan a jibge cikin wani rami, rana ta cinye launinsu, kowace da huji. Ta ce tun makon da Madam ta zo, Manzo ya dawo ya tattara su ya huda da wuƙa, har da ta man gyaɗarta. Ya bi gidajen ƙannensa ya yi haka. Ya kuma hana ta taɓa kayan feshinsa, shi ke wankewa.

Na ce, “To, goron Issufu hwa?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta ƙunsa da hannunta, Manzo ya cire ya mayar cikin kwando.

Ban jira kai amarya ba. Na zuba shinkafar biki a kwano na hau kabu-kabu, na iso ƙofar gidan Issufu da la'asar sakaliya. Yana zaune a kan tabarma a waje, sanye da babbar riga ta shuɗiyar shadda da aka yi wa sabon bugu, da hula, da takalmi a ƙafa. Maƙwabciyarsa ta raɗa mini cewa tun safe yake haka. Da ya gan ni ya yunƙura zai tashi.

“An aiko ki?”

“A'a. Ni niz zo.”

Ya koma ya zauna. Na ajiye kwanon, na gaya masa abin da na gani a bayan ɗaki, ban rage ba ban ƙara ba. Ya saurara yana kallon ƙasa.

“Duka yah huda?”

“Duka.”

“Daga ƙasa ko daga bisa? In daga bisa na, mata suna liƙewa.”

“Daga ƙasa, bawana.”

“To, alhamdu lillahi. Ashe ya ji abin da nac ce.”

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ina jin ƙarar shaddar yana cire ta, yana ninkewa, ya daɗe a ciki fiye da yadda ninke riga ke ɗauka. Ya fito da tsohuwar taguwarsa ta aiki, ya zauna nesa da kwanon.

Ya ce, “Zali, A'i ta yi kyau?”

Shi ne ya yi wa yarinyar huɗuba a kunne ranar da aka haife ta, don Manzo ya ce ba wanda zai fara kiran sunan 'yarsa sai Issufu. Na ce ta yi kyau ƙwarai. Ya ce in faɗa masa kalar zanen da ta ɗaura, na zauna a bakin tabarmar na fara faɗa masa.